Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Lisa Nandy Kan Lasisin Talabijin Na Tsofaffi

Zuwa ga Mai Girma Lisa Nandy,
Sakatariyar Al'adu, Kafofin Yaɗa Labarai da Wasanni ta Birtaniya,
kuma 'yar majalisa mai wakiltar mazaɓar Wigan.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, dalilin wannan wasiƙa shi ne lasisin talabijin, wato kuɗin da gida mai kallon talabijin a Birtaniya ke biya duk shekara domin ɗaukar nauyin BBC, musamman na kyauta da aka tanadar wa waɗanda suka kai shekara 75, da irin wahalar da suke sha kafin ya shiga hannunsu. Ni ɗaya ne daga cikin Hausawa mazauna arewacin Ingila da ke taimaka wa dattawanmu da karatun wasiƙu da cike fom a ƙarshen mako, kuma na rubuta da Hausa ne domin a karanta wa iyayen da nake magana a kansu, su ji abin da aka faɗa da yawunsu. Ƙorafina guda ɗaya ne. Gwamnati ta san shekarun waɗannan mutane, ta san inda suke kwana, ta san mafi yawan abin da ke shiga aljihunsu duk mako domin ita ce ke biyansu fansho, amma duk da haka ta bar musu nauyin tabbatar da cewa sun tsufa kuma ba su da hali, sannan wanda ya kasa tabbatarwa a caje shi cikakken kuɗi kamar kowa.

Ba sai na ba ki tarihin lamarin ba, tunda kina majalisa tun 2010 kuma a gabanki aka yi mafi yawansa, amma akwai abubuwan da bai kamata a bari su shige ba. A shekarar 2000, lokacin da Gordon Brown yake Ministan Kuɗi, gwamnatin jam'iyyarku ta Leba ta ɗauke wa duk gidan da ke da ɗan shekara 75 kuɗin lasisi, baitulmali na biya. Sharaɗin ɗaya ne tak, wato shekaru, kuma shekaru ba sa komawa baya, don haka wanda ya nuna nasa ba shi da sauran fargaba. A watan Yulin 2015 George Osborne, Ministan Kuɗi na gwamnatin Conservative, ya ɗora wa BBC wannan kaya a wata yarjejeniya da aka ƙulla cikin gaggawa ba tare da an ji ta bakin jama'a ba, sannan wata doka ta 2017 ta miƙa mata ikon yanke wanda zai ci gajiya. BBC ta yi lissafi ta ce ci gaba da tsarin zai riƙa cinye mata kimanin fam miliyan 745 a shekara, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kasafinta, sai ta sanar a watan Yunin 2019 cewa lasisin kyauta ya koma na masu karɓar tallafin cikon fansho da ake kira Pension Credit kaɗai. An ɗage ranar farawa da wata biyu saboda annobar korona, aka soma a ranar 1 ga Agustan 2020, bayan tsofaffi sun shafe watanni a kulle a gida, da yawansu ba su da abokin hira sai akwatin talabijin. Kimanin 'yan fansho miliyan 3.7 ne suka wayi gari da kuɗin da suka daɗe da mantawa da shi a wuyansu.

Jam'iyyar Conservative ta yi alkawari a kundin zaɓenta na 2017 cewa lasisin kyauta zai ci gaba, kuma ku 'yan Leba kun yi ta tunatar da su saɓa wannan alkawari, da gaskiyarku. Ƙungiyar Age UK mai kare haƙƙin tsofaffi ta tara sa hannun mutum sama da 630,000 ta kai fadar Firayim Minista. A zaɓen Disambar 2019 jam'iyyarku ta rubuta a nata kundin cewa za ta kare lasisin kyauta ga 'yan sama da shekara 75, kuma a kan wannan kundi kika nemi ƙuri'ar mutanen Wigan suka ba ki. Na san ba ku kafa gwamnati a wancan zaɓe ba, na kuma san kundinku na 2024 bai maimaita maganar ba. Sai dai dalilin da ya sa kuka yi alkawarin bai gushe ba, domin tsofaffin da kuka tausaya wa a 2019 tsufa kawai suka ƙara, idanunsu suka ƙara rauni, hannayensu suka ƙara rawa a kan biro. Ke da kanki, bayan kin hau wannan kujera a watan Yulin 2024, kin faɗa a bainar jama'a cewa kuɗin lasisi ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi, kuma yawan matan da ake gurfanarwa a kansa ya dame ki. Mun ji, mun ji daɗi, kuma wannan magana taki ce ta ba ni ƙarfin gwiwar rubuto miki.

Bari in nuna miki yadda abin yake idan aka sauko daga ofis zuwa teburin cin abinci na tsohuwa. Kafin ɗan shekara 75 ya samu lasisin kyauta, ƙofa biyu zai wuce, kuma ta farko ba ta da alaƙa da talabijin ko kaɗan. Dole ne shi ko abokin zamansa ya zama yana karɓar Pension Credit daga Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, tallafin da ba ya zuwa da kansa sai an nema. Fom ɗinsa na takarda, kamar yadda jaridu suka ƙirga a 2024, yana da tambayoyi 243. Ma'aikatar za ta ce ba kowace tambaya ce ta shafi kowa ba, kuma haka ne, amma ai sai mutum ya karanta tambaya ya fahimce ta kafin ya san ba ta shafe shi ba. Ana tambayar abin da ke asusun banki, da ajiya, da kadara, da ƙaramin fanshon tsohon wurin aiki, da wanda ke kwana a gidan, da tafiye-tafiye zuwa ƙetare. Wanda ya guje wa takarda sai ya bi ta intanet ko ta waya, alhali da yawa daga cikin masu wannan shekaru ko dai ba su taɓa riƙe kwamfuta ba, ko kuma kunnensu ya yi nauyin da doguwar magana ta waya ke zame musu azaba.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne, domin alƙaluman gwamnatinku ne suka bayyana shi. A 2024 ministoci da bakinsu suka ce gidaje har 880,000 sun cancanci Pension Credit amma ba sa karɓa, wato kusan ɗaya cikin kowane uku na masu haƙƙi. Ba duka ne suka kai 75 ba, amma duk wanda ya kai a cikinsu yana biyan kuɗin lasisin da bai kamata ya biya ba, ko kuma yana zaune cikin tsoron wasiƙa. Ke nan an zaɓi ma'aunin da tun kafin a ɗauke shi an san yana zubar da kashi ɗaya cikin uku na talakawan da aka ce ana son karewa, kuma waɗanda yake zubarwa su ne mafiya rauni, waɗanda ba su da ɗa ko jika a kusa, waɗanda mantuwa ta fara kamawa, waɗanda Turancin takardun hukuma ya fi ƙarfinsu.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa nunawa, wato kunya da riƙon mutunci. Sau da yawa idan muka kawo wa dattijo maganar wannan tallafi, amsar da muke samu ita ce: “Ni ban zo ƙasar nan bara ba, da ƙarfina na ci, kuma ba zan tona asirina ga yaron da na haifa ba.” Mutumin da ya taso a inda ba a tambayar babba nawa ne a aljihunsa, yanzu ana so ya baje takardun bankinsa a gaban baƙo domin a auna talaucinsa. Kada ki ɗauka wannan halin baƙi ne kaɗai. Matar tsohon mahaƙin kwal a Wigan, da tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa a Oldham, su ma haka suke cewa ba sa son sadaka, kuma na tabbata kin ji wannan da kunnenki a mazaɓarki. Da yawa kuma sun ɗauka cewa mallakar gida ko 'yar ajiya na hana su, alhali gidan da mutum ke ciki ba a lissafa shi, ajiyar da ba ta wuce fam 10,000 ba ita ma ba a lissafa ta, kuma ko ɗan ƙaramin kaso ne na tallafin mutum ya samu, ya isa ya buɗe masa ƙofar lasisi. Wannan bayani ba ya isa gare su sai an dace da wani ya zauna da su.

Wata dattijuwa 'yar asalin Zangon Kumasi, wadda ta haura shekara 80 kuma ta ƙarar da ƙuruciyarta tana sharar ofisoshi da asuba, ta zo wurinmu da gwangwanin biskit cike da ambulan, wasu ma ba ta buɗe su ba. Ta jera su bisa launi, domin ta haka take gane wadda ke ɗauke da barazana. Da muka je gidanta muka tarar ta cire wayar talabijin daga bango, ta naɗe akwatin da tsohon zane ta tura shi bayan kujera, saboda an gaya mata masu bincike na iya ƙwanƙwasa ƙofa, ita kuma ta ce a shekarunta ba za ta tsaya gaban alƙali ba. Da muka zauna muka lissafa abin da take samu, sai ga shi ta daɗe da cancantar tallafin, ta kuma daɗe da cancantar lasisin kyauta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙa'ida ba ta yarda a biya mai nema kuɗin baya ba sai na wata uku, don haka duk shekarun da ta yi tana rage cefane da kashe na'urar ɗumama ɗaki sun tafi ke nan, babu mai mayar mata da su.

Wanda ya tsallake ƙofar farko bai gama ba, domin lasisin ba ya biyo tallafin da kansa, sai an sake nema a wani wuri dabam, kuma dole ne ya kasance da sunan wanda ya kai shekarun. A nan zan yi adalci in ce an samu sauƙi, domin a 2022 ma'aikatarki, a ƙarƙashin gwamnatin da ta gabata, ta gyara doka yadda masu ba da lasisi za su iya tambayar Ma'aikatar Fansho kai tsaye ko mai nema yana karɓar tallafin, maimakon a sa shi ya aika kwafin wasiƙa ta gidan waya. Gyara ne mai kyau, amma shi ne kuma babbar hujjata a kanku. Idan kwamfutar wannan ofis na iya tambayar kwamfutar wancan ofis bayan tsoho ya nema, mene ne ya hana ta tambaya kafin ya nema? Ranar haihuwarsa na nan a rubuce, adireshinsa na nan, lambar inshorar ƙasa tasa na nan, shaidar tallafinsa na nan. Abin da ya rage kawai shi ne a buga takarda a aika masa cewa daga yau an ɗauke masa, amma an zaɓi a jira shi ya sani, ya tuna, ya nema, kuma wanda bai nema ba a ci gaba da cire masa kuɗi daga asusu wata bayan wata.

Binciken kwamfutar ma yana aiki ne idan bayanai sun yi daidai harafi da harafi, kuma a nan ne iyayenmu ke maƙalewa. Mutum ɗaya sai ki ga Muhammadu ne a tsohon fasfo, Mohammed a takardar fansho, Muhammad a takardar haya, domin kowane akawu da yadda ya ji sunan ya rubuta tun shekarun 1960 da 1970. Hauwa ta zama Hawa, Bilkisu ta zama Balkis, sunan uba ya koma gaba na yanka ya koma baya. Idan bayanai suka saɓa, sai a koma neman kwafin fasfo ko takardar haihuwa. Dattijon da aka haifa a wani ƙauye na ƙasar Katsina ko Damagaram a shekarun 1940 ba shi da takardar haihuwa, domin ba a yin ta a can a lokacin, abin da yake da shi takardar rantsuwar shekaru ce da wani kawu ya yi masa a kotu, shi ya sa za ki ga da yawansu 1 ga Janairu ce ranar haihuwarsu. Ki haɗa wannan da abin da ya faru da mutanen Windrush, wato waɗanda suka zo Birtaniya daga yankin Caribbean bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fito fili a 2018 har Ministar Cikin Gida Amber Rudd ta sauka daga muƙaminta, lokacin da aka nemi tsofaffin da suka shekara hamsin a ƙasar nan su kawo takardun da ba su taɓa sanin za a nema ba, wasu suka rasa aiki, wasu aka tsare su, wasu aka fitar da su. Dattawanmu sun ga wannan, kuma tun daga lokacin duk wasiƙar da ta ce a aiko da shaida tana tayar musu da hankali fiye da yadda mai rubuta ta zai taɓa zato. Da yawa sun gwammace su biya kuɗin su huta da a sake buɗe maganar takardunsu.

Saboda an rataya lasisi a wuyan Pension Credit, duk wata ƙa'ida ta wannan tallafi ta zama ƙa'idar kallon talabijin, har da waɗanda ba su da wata dangantaka da shi. Daga ranar 15 ga Mayun 2019, ma'aurata ba sa iya shiga tallafin sai dukansu biyu sun kai shekarun fansho. Dattijo mai shekara 78 da matarsa mai shekara 60, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu, ba su da hanyar shiga komai ƙarancin abin hannunsu, don haka ba su da lasisin kyauta, alhali maƙwabcinsu mai irin shekarunsa da irin samunsa yana da shi. Tun 2016 kuma aka rage wa'adin da mai karɓar tallafi zai iya yi a ƙetare daga mako 13 zuwa mako 4, sai a wasu larurori kamar rasuwa ko jinya. Tsohon da ya tara kuɗi shekara da shekaru domin ya je gida ya yi azumi da salla cikin danginsa, ko ya haɗa aikin Hajji da ziyarar 'yan uwa, idan ya zarce wa'adin tallafinsa ya tsaya, ya dawo ya sake neman sabo, kuma ginshiƙin da lasisinsa ke tsaye a kai ya faɗi har sai an kammala. Mace kuma idan mijinta ya rasu, tana cikin takaba za ta fara neman tallafi da sunanta da lasisi da sunanta. Ba na jin akwai wanda ya zauna ya tsara a wahalar da waɗannan mutane, amma an gaya muku yana faruwa, kuma barin abin a haka bayan an sani shi ma zaɓi ne.

Ranki ya daɗe, gwamnatinku ta riga ta gwada wannan ma'auni a wani wuri ta ga yadda ya ƙare. A ƙarshen Yulin 2024 Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta sanar da cewa kuɗin ɗumama gida na hunturu, fam 200 ko 300, ya koma na masu karɓar Pension Credit da makamantansa kaɗai, wanda ya cire kimanin mutum miliyan 10. Buƙatun tallafin suka yi ambaliya har aka ƙara ɗaruruwan ma'aikata, mutane suka yi ta jira, ƙorafi ya cika ofisoshin 'yan majalisarku. A watan Yunin 2025 kuka janye, kuka ce a Ingila da Wales za a biya kowa kai tsaye, wanda samunsa ya haura fam 35,000 a shekara kuma hukumar haraji ta karɓe ta hanyarta. Ba a ce wa kowa ya cike fom ba, ba a ce ya kawo shaidar talauci ba. Cikin ƙasa da shekara guda kuka amince cewa Pension Credit ba ma'auni ne mai adalci ba wajen raba mai buƙata da maras buƙata, kuka kuma nuna cewa gwamnati na iya tantancewa da bayanan da ke hannunta. To me ya sa ma'aunin da kuka jefar a kan kuɗin hunturu har yanzu shi ne ke aiki a kan lasisi? Ma'aikatar Fansho ma ta taɓa zaƙulo 'yan fansho masu karɓar tallafin haya ta rubuta musu cewa mai yiwuwa sun cancanta, wanda ke nuna cewa gano su ba gagara ya yi ba.

Wataƙila a ce kuɗin ba wani yawa ne da shi ba. A watan Afrilun 2025 lasisi ya kai fam 174.50 a shekara, alhali cikakken fanshon gwamnati na tsohon tsari, wanda mafi yawan masu waɗannan shekaru ke kansa, fam 176.45 ne a mako a lokacin. Wato kusan fanshon mako guda cur ke tafiya, a gidan da ake ƙirga kuɗin wuta da na gas da na burodi. Kuma ga wanda ƙafa ta daina kai shi masallaci ko coci, 'ya'ya suka watse garuruwa neman abinci, rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, talabijin ita ce muryar mutum da yake ji a gidan. Doka ta wajabta lasisi ga duk mai kallon shiri kai tsaye a kowace tasha, har da tashoshin ƙetare, don haka tsohuwar da ba ta kallon komai sai sallar tarawihi daga Makka da labaran gida ita ma tana ciki.

Kada a fahimci wannan wasiƙa a matsayin gaba da BBC. Mu Hausawa muna da tsohuwar alaƙa da ita, domin tun ranar 13 ga Maris 1957 Sashen Hausa ke magana da mu, kuma iyayen nan da nake ba ki labarinsu da shi suka girma, a rediyo mai batir a ƙofar gida. Mun kuma san cewa tun 2014 kuɗin lasisi na cikin abin da ke ɗaukar nauyin sashen BBC na duniya, don haka ba mu da wata riba a talauta ta. Abin da muke cewa shi ne gidan yaɗa labarai ba ma'aikatar jin ƙai ba ce, kuma bai kamata tun farko a ba shi aikin tantance wane tsoho ne matalauci ba. Bayan yarjejeniyar 2015 abin ya zama kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, baitulmali ya huta da biya, BBC ta kwashi zagi. Idan aka tambayi minista sai ya ce hukuncin BBC ne, kamar yadda Firayim Minista na lokacin, Boris Johnson, ya yi a 2019 da ya ce ita ya kamata ta fito da kuɗin, idan aka tambayi BBC sai ta ce gwamnati ce ta janye hannu, tsoho kuma yana tsaye a tsakani da ambulan a hannu. Majalisa ce ta miƙa wannan iko da doka, majalisa kuma na iya karɓe shi da doka, kuma jam'iyyarku na da rinjayen da zai ishe ta. Maƙwabciyarku Jamhuriyar Ireland tana ba duk wanda ya kai shekara 70 lasisin kyauta ba tare da auna samunsa ba, kuma ba ta fi Birtaniya ƙarfin tattalin arziki ba in aka haɗa jimilla.

Akwai maganar kotu, wadda ba zan tsawaita ba tunda kin san ta. Kallon talabijin ba lasisi laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000, dokar ba ta ware tsoho ba, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake gurfanarwa mata ne. Ko da ba a kai ɗan shekara 80 gaban alƙali ba, ambaton tarar a cikin wasiƙa ya isa ya hana shi barci. Haka nan rangwamen rabin kuɗi na makafi da lasisin fam 7.50 na mazauna gidajen kula da tsofaffi, su ma kowanne da tasa shaidar da ake nema.

Yarjejeniyar sarauta da BBC ke aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare a ranar 31 ga Disambar 2027, kuma sabunta ta na hannunki. Ina roƙonki, don girman Allah da darajar iyayen da suka haife mu, kada a bar maganar tsofaffi ta zama ɗan sakin layi a ƙarshen takarda bayan an gama muhawara kan talla da biyan kuɗin shiga. Abin da ya fi dacewa shi ne a mayar da lasisin kyauta ga duk wanda ya kai 75, baitulmali ya ɗauka kamar yadda jam'iyyarku ta kafa shi, idan kuma ana tsoron masu hali za su ci, a bi hanyar da aka bi da kuɗin hunturu a karɓe ta haraji. Idan Ministar Kuɗi ta ce wannan ya yi tsada, akwai abin da ba sai an jira 2027 ba kuma kuɗinsa kaɗan ne: ki zauna da takwaranki na Ma'aikatar Fansho ku gyara ƙa'idar musayar bayanai, yadda duk mai karɓar Pension Credit da ya cika 75 za a aika masa lasisinsa ba tare da ya nema ba, a tsayar da cire masa kuɗi daga ranar, a kuma mayar wa wanda aka ci gaba da caja bayan ya cancanta abin da ya biya. A shigar da ma'auratan da ƙa'idar 2019 ta rufe wa ƙofa ta hanyar amincewa da sauran tallafin masu ƙaramin ƙarfi a matsayin shaida, kuma kada a aika wa gidan da aka san mai shi ya haura 75 wasiƙar da ke ambaton tara kafin a bincika ko yana da haƙƙin da bai karɓa ba.

Muna kuma so ki sa a wallafa, shekara bayan shekara, adadin 'yan sama da 75 da ke karɓar Pension Credit tare da adadin waɗanda ke riƙe da lasisin kyauta, domin kowa ya ga yawan waɗanda ke faɗuwa tsakanin ƙofofin biyu. Idan kin amsa, za mu fassara amsar mu karanta wa dattawan a zamanmu na gaba, kuma idan kina son jin ta bakinsu, daga Wigan zuwa inda muke taruwa tafiyar ƙasa da awa guda ce.

Na gode, Allah ya yi miki jagora.

Naki,
Wani ɗan sa-kai mai taimaka wa dattawan Hausawa a arewacin Ingila.